Yarona haddace littafi yake amma bai iya karatu ba, ina neman shawara

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah iyaye da malamai ku taimaka min, abin nan ya hana ni barci. Yarona shekararsa 7, yana aji biyu na firamare, ni duk a zatona ya iya karatu don in ya buɗe littafinsa na makaranta sai ki ji yana zubo shi tiryan-tiryan ba gargada. Shekaranjiya na ɗauki kalma ɗaya daga shafin da ya gama karanta min na rubuta a wata takarda daban na ce karanta, wallahi yaron nan shiru ya yi, ya kalle ni ya kalli takardar sai idonsa ya ciko da ƙwalla. Ashe hadda ce, hoton shafin yake gani ya tuno abin da aka maimaita musu a aji. ABCD kam yana rera ta har ƙarshe amma haɗa baƙi babu, b da d ma juya su yake. Babansa ya ce wasa ne ya masa yawa a sa masa bulala, ni kuma raina bai kwanta da hakan ba. Ta ina zan fara a gida? Ko lesin zan sa shi?

Malamar Aji Ɗaya:

Wa alaikumus salam 'yar uwa, ki kwantar da hankalinki, yaron da ya iya haddace shafi guda ai ba daƙiƙi ba ne, hanyar ce ba a ɗora shi a kai ba. Waƙar ABCD sunan haruffa take koyarwa, shi kuwa karatu da sautinsu ake yi, kinga in yaro ya san harafin nan sunansa “em” amma bai san sautinsa mmm ba ne, ta yaya zai haɗa shi da a ya ce ma?

Toh ki ajiye littafin makarantar tukuna. Fara da wasula biyar ɗin nan, a e i o u, sai ya gane su ko a hargitse kika nuna masa ba a jere ba. Daga nan ki ɗauko baƙaƙe kaɗan, uku ko huɗu sun isa, kamar m, n, k, r. Ki yanka kwali ƙanana ki rubuta harafi ɗaya a kowanne, ki ajiye m a nan a a can, kina turo su kusa da juna kina jan sautin, mmm…a, ma. Sai mi, mu, me, mo. In gaɓa ta zauna sai ki haɗa biyu, ma-ma, ka-ka, ra-na, ka-re. Ranar da ya karanta kalmar da bai taɓa gani ba da kansa za ki ga yadda fuskarsa za ta washe, ni duk shekarun da na yi ina koyarwa har yau wannan lokacin na sa ni farin ciki.

Su ɓ, ɗ, ƙ da masu harafi biyu irin sh da ts ki bar su sai daga baya, kuma in kin zo kansu ki nuna masa da kalmomi biyu gefe da gefe kamar kafa da ƙafa, ya ji bambancin da kunnensa. Kar ki manta da rubutu, kina faɗin gaɓa yana rubutawa, don hannu na taya ido riƙewa. Minti 10 zuwa 15 kullum ya fi awa biyu ranar hutu, kuma ki tsaya tun bai gaji ba.

Batun b da d, yara da yawa na juya su har wajen shekara 7. Kar ki koyar da su rana ɗaya, ki bari b ta zauna sosai kafin d ta shigo.

Baban Yara:

Hajiya dan Allah ki roƙi maigidan ya ajiye maganar bulala. Ni na yi wannan kuskuren da babbar 'yata kuma har yanzu yana min ciwo, ta kai da ta ga na ɗauko littafi jikinta ya fara rawa, abin da ta sani ma ya gudu. Sai da na yi wata da watanni ba na tambayarta komai, ni nake karanta mata labari da daddare ina bin layi da yatsa tana jingine da ni, kafin ta saki jiki. Kuma a nan na gane karanta wa yaro labari shi ma koyarwa ne, yana jin sababbin kalmomi, yana ganin daga hagu ake farawa zuwa dama, in na tsaya na ce me kike gani zai faru yanzu sai ta yi ta zuba. Ki ba maigidan wannan aikin, ke ki riƙe kwalayen.

Yayar Marayu:

Ni abin da zan ƙara, a duba masa ido da kunne. Akwai yaron da allo ne ba ya gani sosai daga inda yake zaune kuma ba zai faɗa ba don shi a ganinsa haka kowa yake gani, wani kuma ciwon kunne ne ya rage masa ji, sautukan sai su cakuɗe masa. In an duba lafiya lau, kin kuma yi watanni kina bin abin da Malama ta faɗa kullum amma abin da ya koya jiya ya ɓace yau, toh a nemi masani ya gwada shi ko disleksiya ce, wato matsalar da ke sa haɗa haruffa da sautinsu ya yi wa yaro wuya. Ba ta da alaƙa da rashin ƙwaƙwalwa, masu ita suna koyon karatu, sai dai suna buƙatar a bi da su daki-daki da maimaici mai yawa.

Uwar Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama tambaya ɗaya, a makaranta da Turanci suke yi, in na fara masa da Hausa ba zan rikita shi ba?

Malamar Aji Ɗaya:

Ba zai rikice ba in sha Allah. Dabarar haɗa sauti sau ɗaya ake koyonta, in ya kama ta a yaren da yake ji zai tafi da ita duk yaren da ya shiga. Kuma rubutun Hausa ya fi sauƙin farawa don kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa, shi ko Turanci haruffa 26 ne amma sautukansa sun kai wajen 44, harafi ɗaya sai ya yi sauti biyu ko uku. Ga kuma fahimta, in ya haɗa ka-re ya san kare ne nan take, ba wai ya furta kalma ya rasa me take nufi ba. Ki dai gaya masa wannan na Hausa ne wancan na Turanci, musamman wasulan da c, don su ne suka fi sauya sauti.

Lesin kuma ban hana ba, amma ki zauna ki ga darasi ɗaya, in mai lesin ɗin “maimaita bayana” zai yi ta yi masa toh haddar ce za ta ƙaru. Kuma ki je ki sami malamarsa cikin mutunci, wataƙila yaran sun mata yawa ba ta ma lura ba, ki nuna mata takardar nan da kika gwada shi da ita, ki roƙa a dawo da shi layin gaba, ki tambaye ta haruffan da suke kai a makon don ku tafi tare.

Uwar Biyu:

Na dawo da labari. Yau kwana shida muna yi, wasulan sun zauna sai e da i da yake ɗan haɗawa. Ɗazu na jera masa na da ma, ya daɗe yana motsa baki sannan ya ce “nama?” yana kallona ko daidai ne, na ce eh, ya tashi da gudu ya kai wa babansa kwalayen. Gobe zan je wajen malamarsa, asibitin ido kuma sai ranar Litinin. Malama bayan m, n, k, r wanne zan ƙara masa?