Cibiyar renon sana'a ta Agege: jari suke bayarwa ko me?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina yin yajin daddawa da na tafarnuwa a nan Agege, yarona yana kai wa masu tsire da masu shayi. Watan jiya na cika roba shida na kai wani babban kanti a Ikeja. Matar da ke karɓar kaya ta buɗe ta shinshina har da atishawa, ta ce ya yi, amma ina lambar NAFDAC? Haka na rungumo kayana na hau danfo. Da na bincika aka ce sai sun zo sun ga inda nake yi, ni kuwa a tsakar gidan haya nake daka, ƙarƙashin igiyar shanya. Maƙwabciyata Bayarabiya ta ce in je cibiyar gwamnati da ke wajen Pen Cinema, wai ƙyanƙyashe sana'a suke yi. Ni dai kaji na san ana ƙyanƙyashewa. Don Allah jari suke bayarwa? Kuma suna ɗaukar wanda ba ɗan jihar ba?

Abu Khalil, Oshodi:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki fara cire maganar jari daga ranki, kada ki je ki dawo da ɓacin rai. Wurin na gwamnatin tarayya ne, ƙarƙashin hukumar NBTI mai kula da cibiyoyin renon sana'a, ta ma'aikatar kimiyya da fasaha, don haka babu batun ɗan jiha. Ta Agege ce ma ta farko a ƙasar nan, tun 1993, kafin a buɗe ta Kano. Abin da suke bayarwa ɗaki ne na yin sana'a a kan haya mai sauƙi na 'yan shekaru, da horo, da nuna miki hanyar NAFDAC da SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki. Idan sana'ar ta tsaya da ƙafarta sai a yaye ki, wani ya shiga.

In kin lura, matsalarki ba ta kuɗi ba ce. Yajinki ya riga ya ci jarrabawa tunda ya sa matar nan atishawa. Ɗaki mai tsabta da ma'aikacin NAFDAC zai shiga ya duba, shi kika rasa, kuma kin san abin da hayar shago take ci a Legas, ga kuɗin ejan, ga na yarjejeniya. Amma ɗakunan ba su da yawa, ana tantancewa. Ki yi wa sunan sana'ar rajista a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, ki rubuta nawa kike kashewa a barkono da citta da roba, nawa ke dawowa a wata. Za su tambaya.

Baba Mai Albasa, Mile 12:
'Yata, a yi dai a hankali. Shekarun baya wani mai rataye da kati a wuya ya zo kasuwa ya ce fom ɗin tallafi ne, mu tara dubu biyar-biyar. Mu kusan talatin muka ba shi. Har yau ko ƙurarsa. Ki taka da ƙafarki ki je ofishin, kada ki ba kowa ko sisi a bakin ƙofa. Sannan in an zo kan rance ki tambaya ko da kuɗin ruwa.

Zee Idi-Araba:
Baba ya yi gaskiya kan kuɗin ruwa. Mai ba da rance a nan shi ne asusun LSETF na jihar Legas mai tallafa wa masu sana'a, wanda aka kafa a 2016 zamanin Ambode, kuma da ruwa a ciki, ko da yake bai kai na bankunan kasuwanci ba. In ba kya so, ki leƙa Jaiz ki ji tsarin murabaha, su sayi injin niƙa su sayar miki ki riƙa biya. Abin da ke kayar da mutanenmu a LSETF katin LASRRA ne, wato katin shaidar zama a jihar. Na duk mazaunin Legas ne, ko daga Gumel ka zo, amma mu ba ma zuwa yi, sai mu zauna muna cewa an ware mu. Aunty, in za ki koyi busarwa da ƙunshi yadda yajin ba zai dunƙule da damina ba, cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO da ke Oshodi na koyar da sarrafa abinci, sai dai ana biya.

Maman Hanan:
Allah ya saka da alheri. Baba, na ji, ba zan ba kowa ba. Zee kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi, bana roba goma sha biyu suka dunƙule min kamar dutse. Katin LASRRA ɗin sai na je da kaina, ko Baban Hanan zai iya karɓo min?