Golf 5 GTI tana rikita taimin idan ta ɗau zafi

Salam, 'yan'uwa makanikai. Ina wani ƙauye kusa da Ringim, motata Golf 5 GTI ce, 2007, injin 2.0 TFSI. Wata biyu ke nan ta hana ni sakat.

Da safe bugu ɗaya take tashi, silo lafiya lau. Sai na yi kamar minti talatin a hanyar Kano, ina isowa Gezawa ta fara karkarwa, in taka totur ta ƙi ja, fitilar cek ta kama. In na kashe ta huce, kamar ba ita ba. Wani lokacin kwana huɗu shiru.

Kwamfuta ta nuna P0016, wato karanshaf da kamshaf ba sa tafiya daidai. Na canza sensar kamshaf, fulogi, kwayil da baƙin mai. An sa sabon bel ɗin taimin, da idona na ga makin taimin ya hau daidai. Bayan kwana uku matsalar ta dawo. Abin da ya fi damuna, wata ƙara kacau-kacau daga bayan inji, wajen giya, inda kacar kamshaf take, sai inji ya ɗau zafi kawai.

Kafin a sake buɗe min inji, ta yaya zan tantance kacar kamshaf ce ta saki ko bawul ɗin N205, mai daidaita taimin ɗin kamshaf, ne ke maƙalewa?