Tallafin gidauniyoyi ga binciken da ya shafi baƙaƙen fatar Amurka

Shawarar da ta fi fitowa a wata tattaunawa tsakanin masu bincike da ma'aikatan gidauniyoyi kan yadda za a inganta wannan tallafi ita ce a daina ba da kuɗin shekara ɗaya kacal. Binciken manufofin gwamnati kan gidaje ko rajistar masu zaɓe yana cin lokaci, kuma cibiyar da ke neman kuɗi duk shekara, rubuta takardun roƙo ne ke cinye ƙarfinta. An kawo misalin shirin BUILD na gidauniyar Ford, mai ba da tallafin shekara biyar. Haka ma attajira mai ba da agaji MacKenzie Scott ta bai wa Jami'ar Howard, wadda yawancin ɗalibanta baƙaƙen fata ne, dala miliyan 40 a 2020 ba tare da sharaɗi ba.

Wasu sun ce ya kamata kuɗin ya je hannun cibiyoyin da baƙaƙen fata ke jagoranta, irin su Joint Center, cibiyar nazarin siyasa da tattalin arziki da ke birnin Washington tun 1970, maimakon manyan jami'o'i su karɓe, mutanen unguwa kuma a bar su da raba takardun tambayoyi. A nan ina tare da su, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

An kuma taɓo alkawuran tallafi da kamfanoni suka yi bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a 2020, waɗanda da dama suka yi sanyi bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2023 da ya hana fifikon launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Shawarar ita ce lauya ya duba sharuɗɗan tallafi, a gina cancanta kan unguwa ko matsalar da za a bincika maimakon launin fata.