Filtar kariya a bakin kyamara: a sa ko a bari?

Da masu ɗaukar hoto suka tattauna batun filtar kariya, wato siririn gilashin da ake ɗaurawa a gaban gilashin kyamara don kare shi, bakinsu bai zo ɗaya ba. Wasu suka ce da hunturu, ko wurin hawan Sallah inda dawakai ke ta da ƙura, gara filta ta sha gogar ƙyalle da a karce gilashi mai tsada. Wasu kuwa suka ce mai araha ɓarna ce: da dare fitilun titi sukan fito biyu-biyu a hoto, launi ya dushe. Aikin da filtar ke yi na tace hasken UV, wato wani hasken rana da ido ba ya gani, shi ma buƙatar zamanin kyamarar fim ce.

In kyamara ta faɗi, hular bakin gilashi, wato mazurarin da ake sawa a gaban gilashin don tare haske, ta fi filta karewa. Filta fashewa take yi, zobenta ya lanƙwashe ya ƙi kwancewa. Ni dai na fi yarda a sayi mai kyau irin ta kamfanin Hoya, a cire ta da magariba.