Ina neman shawara kan fitilar gefen gado mai kyau wadda za a iya ƙerawa da yawa

Ɗalibar Zane: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na zana fitilar tebur, irin ta gefen gado, ina so in fitar da guda 30 iri ɗaya. Samfurin farko ya yi kyau a ido, amma sassansa 17 ne, kuma sai da na kwana uku ina haɗa shi. Ga shi in an kunna, ƙwan yana kashe ido. Ta ina zan fara gyara?

Baba Kafinta: Wa alaikumus salam 'yata. Sassa 17 sun yi yawa. Fitilar tebur abu huɗu ce: gindi, wuya, mazaunin ƙwai, sai hula. Ki baje su a kan benci ki ɗauki kowanne ki tambayi kanki aikinsa. Wanda ba ya riƙe komai, ba ya kuma tare haske, ki ajiye shi gefe. Adon da aka manna daga baya shi ne ke fara ɓallewa. Sannan tunda 30 za ki yi, ki yanka ma'auni ɗaya na katako da za ki riƙa ɗorawa kina hudawa, don ramin ta farko da na ta ƙarshe su faɗa wuri guda.

Injiniyan Wuta: Baba ya gama magana a kan sassa. Ni abin da zan ƙara, ƙanwata, kada ki ƙirƙiri abin da masana'antu suka riga suka daidaita. Ki ɗauki mazaunin ƙwai na E27, wato babban da ake murɗa ƙwai a ciki, ko ƙaraminsa E14 in fitilar ƙarama ce, da bututun nan mai zare na milimita 10 da ake kira M10. Waya tana bi ta cikinsa, noti ɗaya ya ɗaure gindi, mazaunin ƙwai ya hau kansa a sama. Kin ga bututu ɗaya ya zama wuya, ya zama hanyar waya, ya zama maɗauri. Ki gina zanenki a kan waɗannan ma'aunai, ba ki gama zane sannan ki fita neman abin da zai shiga ba.

Ɗalibar Zane: Yaya, wannan bututun kaɗai ya cire mini sassa biyar. To batun kashe ido fa?

Anti Mai Adon Gida: Nan ne kyan fitila yake, 'yar uwa, ba a siffarta tana kashe ba. Ki nemi hoton fitilar PH 5 da Poul Henningsen na ƙasar Denmak ya zana a 1958. Faifai ne a jere, wani a kan wani, an tsara su ta yadda duk inda ka tsaya ba za ka ga ƙwan ba, haskensa kawai za ka gani bayan ya bugi cikin faifan ya dawo. Ba cewa nake ki kwaikwaye ta ba, ƙirarta ma ba mai sauƙi ba ce. Darasin shi ne ido kada ya haɗu da ƙwai kai tsaye. Ki zauna a bakin gado, ki kwanta, ki miƙe tsaye, a duk hali ukun ki duba ko kina hango shi. Yawanci hular ce ta yi gajarta, ko mazaunin ƙwan ya yi ƙasa da yawa. Cikin hular kuma ya zama fari marar sheƙi.

Sai launin haske. Na sha ganin fitila mai kyau an sa mata ƙwai na kelbin 6500, wato mai farin haske fat, ɗakin kwana ya koma kamar ɗakin tiyata, abin yana ba ni takaici ƙwarai. Na 2700 ko 3000 ne ke kwantar da ido da dare. A kwalin ƙwan ki duba CRI, wato ma'aunin yadda haske ke fito da launin abu na gaskiya, in kin samu 90 ko sama launin katako da yadi zai fito yadda yake.

Yaya Mai Leza: Ni shawarata ki yi tunanin ƙira daga shimfiɗaɗɗen abu. Duk abin da za a yanka daga falle ɗaya a naɗe ko a soka cikin juna ya fi sauƙin maimaitawa da aikawa. Fitilun Akari da Isamu Noguchi ya fara a 1951 a garin Gifu na Japan takarda ce da siraran gora, ana ninke su su kwanta a kwali, har yau ana yin su. Robar akirilik mai launin madara tana baza haske sosai kuma injin leza yana yanka ta tsaf. Amma don Allah kada a sa robar PVC a injin leza, hayaƙinta na da guba kuma yana cin injin. Ni ma da zan ce ki bar ƙwai gaba ɗaya ki koma zirin LED na bolt 12 ko 24. Fitilar za ta yi siriri, haɗarin jan wuta kuma ya ragu.

Injiniyan Wuta: A nan ban bi ka ba, ɗan uwa. Zirin yana son a manna shi a kan alminiyam don ya sha zafinsa, ga adafta da za a ƙara, kuma ranar da ya mutu mai fitilar ba zai iya canza shi da kansa ba. Ƙwai kuwa kowa ya iya warwarewa ya ɗaura sabo. Na LED mai wat 8 zuwa 10 yana ba da haske kusan lumen 800, daidai da tsohon ƙwai mai wat 60, a gefen gado ma rabin haka ya isa.

Yaya Mai Leza: Na yarda a kan gyara. In siririn zubi ake nema dai, zirin ba shi da na biyu.

Ƙanin Kowa: Yaya, in da firinta mai 3D za ki fitar da hular, ki sa ta a tsarin da take zagayawa da bango ɗaya ba tsayawa, yana da sauri kuma haske na ratsawa. A robobin firintar, PLA yana fara laushi wajen digiri 60 na zafi a ma'aunin Salshiyas, PETG ya fi shi juriya. Ki bar tazara tsakanin ƙwai da bango, da ƙofa a sama don zafi ya fita, ki kuma rubuta a jikin fitilar cewa LED kaɗai za a sa.

Baba Kafinta: Kada a manta da gindi. Fitila mai sauƙin faɗuwa ba ta da kyau ko da zinare aka yi ta. Nauyi ya taru a ƙasa. Ki ɗora ta a kan allo ki ɗaga gefe ɗaya kaɗan, ki kuma ja wayar kamar yadda yaro zai ja.

Injiniyan Wuta: Jan wayar nan da Baba ya faɗa muhimmi ne. Dole a sa maƙalin da ke riƙe waya a inda ta shiga gindi, don in an fizga kada ƙarfin ya kai ga mahaɗa. In kuma akwai ƙarfen da hannu ke taɓawa a jikin fitilar, ki yi amfani da waya mai jijiya uku a haɗa ƙarfen da jijiyar ƙasa, wato earth. Ki kai wa ƙwararren mai gyaran wuta samfurin ya gwada kafin ko ɗaya ta shiga gidan wani.

Ɗalibar Zane: Allah ya saka muku da alheri. Na sake zanen, sassa 6 suka rage: gindin katako, bututu, noti, maƙalin waya, mazaunin E27 da hula. Zan fara yin hular da kwali in gwada tsayinta a zaune da kwance. Anti, a yadin lilin da akirilik, wanne kike ganin zai fi dacewa da gindin katako mai duhu?

Anti Mai Adon Gida: Lilin, mai launin ƙasa-ƙasa mai haske. Ki yi masa shafi fari mai jure zafi daga ciki, ɗinkin kuma ya koma baya ta inda waya ke fita. Turo mana hoto da dare in kin kunna.