Neman kalma: kabon faiba da danƙon da ke haɗe tsagarsa

Mai shiri, Asawase: Salamu alaikum jama'a. Gobe da daddare ina da shirin kimiyya a rediyo, kuma na maƙale. Kabon faiba dai, abin da kusan rabin nauyin jirgin Boeing 787 irin haɗinsa ne, rezin ke riƙe zarensa. Tsohon rezin in ya daskare shi ke nan, ba ya sake narkewa. Sabon daga tsirrai ake samo shi, in ya tsage a gasa shi ya haɗe, ana kuma iya narkar da shi a ceto zaren. Me zan kira su?

Bakanike, Suame: Faiba kawai. Mota na ya fashe bamba, da shi muka liƙe.

Ɗaliba, jami'ar KNUST ta Kumasi: Yaya, na bamba yawanci zaren gilashi ne. Ka ce zaren kabon. Rezin kuma danƙo.

Malam, Aboabo: Wane kabon? Zaren gawayi. Ba toya shi ake yi a zafin da ya wuce digiri 1000 ba? Rezin kuwa ƙaro, tunda daga itace ya fito.

Ɗaliba: Baba Malam, aka ce gawayi iyayenmu mata kurfoti za su tuna. Ƙaro kuma ruwa ke jiƙa shi. Wannan ana haɗa shi ne daga irin su man waken soya ko man ɓawon yazawa, wadda ake nomawa a Wenchi. A Faris aka fito da dabarar a 2011.

Malam: Ku da kuke cewa "mota na ya fashe" za ku gyara mini Hausa? Shekara 7 na yi a Kano.

Bakanike: To Malam, Hausan Zango ba Hausa ba ne? Alhaji Umaru a Karaki, nan Gana, ya zauna yana rubuta waƙoƙi har ya rasu a 1934.

Malam: Haifaffen Kano ne, ɗana.

Mai shiri: Don Allah a dawo. "Mai warkar da kansa" fa?

Ɗaliba: Ba rai gare shi ba, kuma sai an gasa. Danƙo mai haɗe tsagarsa.

Malam: Wannan na yarda, ba don ya yi daɗi ba. Kabon dai ban yarda ba.

Mai shiri: Zan ce zaren kabon, in ambaci gawayi sau ɗaya wajen bayani.

Malam: Sau biyu.