Waɗanda Suka Sayi Motar Hawan Duwatsu Mai Rimot Ta Hannu: Me Kuka Tarar A Cikinta?

Mai tambaya, daga Kaduna:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi ƙaramar motar hawan duwatsu mai rimot, ƙirar Axial SCX10 II, wadda girmanta ɗaya bisa goma ne na motar gaske, a cikin kayan gwanjo da aka shigo da su daga Amurka. Tana tafiya, amma aksil ɗin gaba yana ƙara, sitiyarin kuma yana gazawa da zarar taya ta maƙale tsakanin duwatsu. Kafin in yi odar kaya, ina roƙon waɗanda suka taɓa farfaɗo da irin wannan mota su gaya mana abin da suka tarar da abin da suka fara canzawa.

Mai gyaran janareta, daga Jos:

Wa alaikumus salam, Malam. Irin taka ce a hannuna, kuma tun da a 2016 aka fara fitar da wannan ƙira, akwai yiwuwar taka ta biyo ta hannuwa da yawa kafin ta iso gare ka. Shawarata ita ce kada ka sayi komai sai ka warware ta gaba ɗaya. Da na buɗe aksil ɗin tawa, giris ɗin ciki ya bushe ya cakuɗe da yashi, boris ɗin da ke riƙe da ƙaramar giya kuma ya ci tsatsa har ba ya juyawa, alamar cewa mai ita na farko yana shiga ruwa da ita ba ya buɗewa ya busar. Daga nan ƙarar take fitowa. Na wanke giyoyin ƙarfen da kananzir da tsohon buroshin haƙori, na duba haƙoran ɗaya bayan ɗaya, na tarar ba su cinye ba, saboda haka boris kawai na canza, na zuba giris mai jure ruwa.

Ka nemi alanki mai kyau na milimita 1.5 da 2 da 2.5, domin kawunan sukurorin nan ƙanana ne, alanki mai laushi yana cinye su nan take, fitar da wanda kansa ya lalace kuwa ya fi sauran aikin duka wahala. Duk inda sukuru ke shiga cikin ƙarfe, musamman a kan farfela, wato sandar da ke kai juyi zuwa aksil, ka ɗiga masa shuɗin gam ɗin nan na riƙe zare, amma ban da inda yake shiga roba. Wajen daidaita giyar moto, wato injin lantarkin da ke tafiyar da motar, da babbar giyar da take juyawa, ina sa siririyar takarda tsakaninsu in matse, in ɗaure, sannan in zare takardar. Tazarar da ta rage ita ce daidai. Mu da ke hawan duwatsun Filato, inda ƙurar hunturu ke shiga kowace kafa, wannan wanki ba na sau ɗaya ba ne, ina maimaita shi duk ƙarshen rani.

Malamar kimiyya, daga Abuja:

Malam, game da sitiyari, abin da ka bayyana shi ne na gani a Traxxas TRX-4 da na saya wa ɗana ta hannu, muke gyara ta tare. Ɗan injin da ke karkata tayoyin gaba dama da hagu, wato sarbo, ya riga ya gaji. Mun sa wani mai giyoyin ƙarfe da ƙarfin kilo 25, muka haɗa shi da hannun alminiyam, bayan mun tabbatar haƙoransu 25 ne duka biyun. Sai dai da muka gwada, fitilun motar suka riƙa dusashewa duk lokacin da aka murɗa sitiyari a kan dutse, domin na'urar sarrafa gudu ba ta iya ba sabon sarbon wutar da yake ja. Sai da muka ƙara ƙaramar na'ura mai rage wuta kai tsaye daga batir zuwa volt 6 sannan ya yi aiki yadda ya kamata. A ganina, a duk kuɗin da muka kashe, babu wanda ya canza halin motar kamar wannan.

Mai sayar da kayan sola, daga Maraɗi:

Ni gargaɗina a kan batir ne, ɗan'uwa. Tawa ta zo da batirin LiPo mai ɗaki biyu, wato ƙananan batura biyu a haɗe, na volt 7.4, wanda ya kumbura, ban kuwa yarda na jona shi a caja ba, domin irinsa yana iya kama wuta. Sabon da na saya ina caja shi da caja mai daidaita ɗakuna, kowane ɗaki ya tsaya a volt 4.2, in zan ajiye shi kuma in sauke shi zuwa 3.8. Da zafin bazara irin namu, kada a bar shi cikin mota ko ƙarƙashin kwano.

Ɗalibin injiniya, daga Zariya:

Yallaɓai na Jos ya yi gaskiya a kan wanki, ni kuma zan ƙara da taya da nauyi. Da na kwance rim ɗin tawa, soson da ke cikin tayoyin ya ruɓe ya zama gari, shi ya sa take kwantawa gefe a kan gangara. Na sa sababbin tayoyi masu laushi na inci 1.9 da soso mai hawa biyu, na cika shokazoba da man silikon mai lamba 30 bayan na canza robobin da ke yoyo. Sannan na ɗora motar a kan sikelin kicin guda biyu, ɗaya ƙarƙashin tayoyin gaba, ɗaya na baya, na matsar da batir gaba, na ƙara nauyin tagulla a aksil ɗin gaba, har kashi 60 cikin ɗari na nauyin ya koma can. Dutsen da a da take kifewa da baya a kansa, yanzu tana haye shi a hankali. Moton kuwa ban taɓa shi ba, mai naɗin waya 35 ne, kuma ya wadatar, tun da abin da ake nema a wannan harka tafiyar hawainiya ce mai ƙarfi.

Mai gyaran janareta, daga Jos:

Ɗana na Zariya, na yarda da lissafinka, amma ina da ja a kan tagulla. Na ga motocin da aka loda musu ita gaba da baya har nauyin ya fi ƙarfin sarbo da farfela, suka riƙa karya sandunan cikin aksil. Ni a gaba kaɗai nake sa ta, can ƙasa kusa da taya, kuma kafin in ƙara ko giram ɗaya sai na sauke duk kayan adon da mai ita na farko ya ɗaura a saman bodi, irin su safaya da jarkoki da tsani, domin nauyin sama shi ke fara kifar da mota. Malam na Kaduna, idan ka buɗe aksil ɗinka ka ga haƙoran ƙaramar giya sun yi kaifi kamar zarto, ka canza ta tare da babbar, kada ka haɗa sabuwa da tsohuwa.